In rumbun takardu da hotuna ya mutu, wane za a saya?

 A wannan mako za mu leƙa kudancin jahar Damagaram, wato ƙasar Magarya da ta Dungas, inda wata tambaya ke yawan fitowa daga bakin masu ɗaukar hoton biki da suna, da masu buga wa jama'a takardu da inji, da shugabannin makarantun kuɗi, har ma da waɗansu magidanta ma'aikata. Tambayar kuwa ita ce: akwatin da nake tara hotuna da takardun gidana ya tsufa, ko ya mutu ɗungum, to wane iri ya kamata in saya a madadinsa?

Domin wanda bai taɓa ganin abin ba, bari mu fara bayyana shi. Wani ɗan akwati ne, bai kai girman batirin mota ba, a cikinsa akwai faifan ajiya ɗaya ko biyu ko fiye, irin wanda ke cikin inji mai ƙwaƙwalwa. Ana haɗa shi da waya zuwa na'urar da ke raba wifi a gida, ta yadda kowace salula da kowace kwamfuta ta gidan za ta iya zuba masa kayanta, ta kuma ɗebo, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Masu ƙera shi suna kiransa NAS. Mu a nan za mu kira shi rumbu, domin aikinsa ke nan: a tara lokacin wadata, a ɗiba ranar bukata.

Kada wani ya ce wannan magana ta ƴan birni ce, ba ta shafi mutumin Bande ko na Guci ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum sama da dubu 570 a gundumar Magarya, da sama da dubu 350 a ta Dungas, wadda aka yanke daga jikin Magarya a 2011. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa, kuma kowane rabon gado yana ƙara tsaga gonaki. Tun da aka kafa dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga watan Maris na 1993, da hukumomin filaye da ake kira Cofo, waɗanda daga baya aka kai su har matakin ƙauye, takarda ta shiga tsakanin manomi da gonarsa: takardar saye, ta jingina, ta aro, ta kyauta, da ta shaidar cewa gona ta kaka da kakanni ce. A gefe guda ga takardar haihuwa, wadda in babu ita yaro ba ya zaman jarrabawar BEPC. Ga kuma littafin bashin ɗan kasuwa mai kai dabbobi Maigatari ran Alhamis, wanda a yau rabinsa ya koma saƙonnin murya cikin WhatsApp. Hoton takarda ba takarda ba ne a gaban alƙali, wannan kowa ya sani. Amma shi ke riƙe maka lamba da kwanan wata da sunayen shaidu, waɗanda da su ake nemo asalinta cikin rajista ranar da gara ko ruwa suka cinye wadda ke hannunka. Saboda haka wanda ya rasa rumbunsa, ba hotunan biki kaɗai ya rasa ba.

Mai tambaya yakan so a faɗa masa sunan kamfani da girman faifai, ya shiga mota ta Tinkim ya tafi Kano ya sayo. Ni kuwa a ganina sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe. Kafin shi akwai wutar gidanka, da zafin ɗakinka, da kuma tambayar da ta fi su duka: in wannan sabon ya mutu kamar yadda tsohon ya mutu, ina ne sauran kwafin yake?

Amma tun kafin nan, kada a yi gaggawar binne tsohon. Sau da yawa akwatin ne ya mutu, ko ma ƴar na'urar nan ta jikin wayarsa mai rage ƙarfin wuta, faifan da ke ciki kuwa lafiyarsa lau. A fara gwada wata na'urar rage wutar mai ƙarfi daidai da na asali. In hakan bai yi ba, a zare faifan a hankali, a rubuta a jikin kowane ramin da ya fito. A nan ne mutane da yawa ke yanka kansu da wuƙarsu. Yawancin waɗannan rumbuna suna rubutu ne da tsarin Linux, wanda kwamfuta mai Windows ba ta iya karantawa. Da ka jona mata faifan sai ta ce ba ta gane shi ba, ta tambaye ka ko a shirya shi sabo. Wanda ya amsa da i, ya share aikin shekaru da yatsa ɗaya. A ce a'a, a nemi mai gyara wanda ya san Linux, ko a sa faifan cikin wani akwati na kamfani ɗaya da tsohon, domin galibi sabon yakan gane rubutun ɗan'uwansa. In kuwa faifan da kansa yana ƙara ƙas-ƙas, a kashe shi nan take, a daina kunnawa ana sake gwadawa, domin kowace kunnawa tana ƙara karce shi.

To, mu zo ga wuta. An ƙera rumbun nan ne domin gidajen da kuran ba ya yankewa, a kunna shi yau a manta da shi shekara biyar. Mu kuwa mun san halin da muke ciki. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasarmu ke sha daga Najeriya take zuwa, kuma layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina ya taso. A farkon watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar, ba ta mai da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ko ba wannan ba, ƙauyuka da yawa na Dungas da Magarya ba su taɓa ganin turken wuta ba, da pano da batir suke rayuwa. Faifan da ke cikin rumbu yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, ga allurar karatu tana shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. In wuta ta ɗauke yana cikin rubutu, ba abin da yake rubutawa kaɗai ke iya lalacewa ba, har da jadawalin da ke nuna inda kowane abu yake. Ka ga rumbu cike da hatsi amma an rasa ƙofarsa. Dawowar wutar da ƙarfi kuwa, da tsawar damina, su ne ke ƙona na'urar rage wuta.

Don haka duk wanda ya yi lissafin kuɗin rumbu bai sa kuɗin na'urar riƙon wuta mai batir ba, wadda ƴan boko ke kira onduleur, to lissafinsa bai cika ba. Kuma ba kowace ba: a nemi mai ƙofar USB, wadda za ta gaya wa rumbu cewa wuta ta ɗauke, shi kuma ya rufe littafinsa ya kashe kansa kafin batir ya ƙare. Wadda ba ta iya wannan magana ba, jinkirta mutuwar kawai take yi da minti goma ko ashirin.

Mai pano kuma ya yi wannan ɗan lissafi. Rumbu mai faifai biyu yana shan wat 15 ko kusa da haka in yana aiki. In aka bar shi dare da rana, wat 15 sau awa 24 ya ba da 360. A ƙara masa na'urar wifi, wadda ita ma ba ta rasa shan wat 8 zuwa 10. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1200, amma in irin na darma ne rabi kaɗai ake taɓawa in ana son ya daɗe, wato 600. A dare ɗaya na awa 12, rumbu da wifi za su sha kusan 300. Rabin abin da gida ke da shi ya tafi ke nan, tun ba a kunna fanka ba, ba a yi cajin salula ko ɗaya ba. Uwargida ba za ta yarda da wannan rabo ba a watan Afrilu, kuma tana da gaskiya. Maganin abin shi ne, waɗannan rumbuna suna da agogo a cikinsu: ana iya umurtarsu su kunna kansu da hantsi lokacin da pano ke ba da wuta, su karɓi kayan ranar, su kashe kansu. Kuma ko da yake da yawansu volt 12 suke sha, kada a jona su kai tsaye da batirin pano, domin lokacin caji ƙarfinsa yakan haura 14.

Sai zafi. Kamfanonin da suka fi suna a wannan sana'a, Synology da QNAP, suna rubuta a takardar kayansu na gida cewa zafin ɗaki kada ya wuce digiri 40. Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san a Afrilu da Mayu inuwa ma takan wuce haka, balle shago mai rufin kwano a bakin tasha. Wani kamfanin ajiya na Amurka mai suna Backblaze, wanda ke da faifai dubu ɗaruruwa, yakan buga adadin waɗanda suka mutu masa kowace shekara. A 2023 ya ce kashi 1,7 cikin 100 ne. Wato a ɗakunan da aka sanyaya, wuta ba ta motsi, babu ƙura, cikin faifai 100 kusan 2 suna mutuwa a shekara. To ina ga namu? Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin siminti mai kwano alheri ga wannan na'ura nesa ba kusa ba. A ɗora ta bisa tebur, ba a ƙasa ba inda ƙurar hunturu ke kwanciya, a riƙa hure fankarta. Kuma a roƙi matan gida, waɗanda ba su son ganin talabijin ko rediyo babu ɗan kyalle mai ado a kansa, su yafe wa wannan akwati: lulluɓe shi yana aiki daidai yake da toshe masa hanci.

In aka haɗa waɗannan duka, ga abin da nake gani, ko da ba zai yi wa masu sayar da kaya daɗi ba. Magidanci mai salula uku da kwamfuta ɗaya ba ya bukatar rumbun wifi ko kaɗan. Kuɗin da zai zuba a akwati da faifai biyu da na'urar riƙon wuta, in ya sayi ƙananan faifai biyu na tafi-da-gidanka, masu shiga aljihu, waɗanda ake jonawa da USB, ya fi masa amfani, har ya yi saura. Irin wannan faifai daga jikin kwamfutar hannu yake shan wuta, ita kuwa tana da batirinta, saboda haka yankewar kuran ba ta dame shi ba. Ba ya aiki sai an jona shi, don haka zafin rana da tsawar dare suna samunsa ne a kwance cikin adaka. Ɓarawon intanet ba ya isa gare shi. Aibinsa guda ne: ba ya tuna wa kansa, sai mai shi ya tuna. Wanda ya san halinsa na mantuwa ya ɗaura aikin a jikin wani abu da ba ya mantawa, kamar ranar kasuwa ko ranar albashi.

Na ce faifai biyu, kuma ba a gida ɗaya ba. Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. A ƙauyukanmu da yawa za ka ga an jera rumbunan hatsi a bayan gari, nesa da ɗakunan kwana, domin in gobara ta ci gida kada ta haɗa da abinci. Manomin kirki kuma ba ya zuba irin shukarsa cikin hatsin da ake ɗiba kullum, yakan zaɓi zangarniya masu kyau ya ajiye daban. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa wannan dabara a duniyar kwamfuta da sunan 3-2-1: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Kakanninmu ba su ba ta lamba ba, amma sun rigaye shi.

A nan ne masu rumbu mai faifai biyu suka fi ruɗuwa. Mai sayarwa yakan ce: ai wannan biyu ne, duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Gaskiya ne, kuma abu ne mai kyau. Sunan tsarin RAID 1. Amma madubi ne, kuma madubi ba ya zaɓe. In yaro ya goge hotunan auren yayarsa, a faifan biyu aka goge su a lokaci guda. In cuta ta shiga ta kulle takardu, duka biyun ta kulle. Ɓarawo ba zai ɗauki faifai ɗaya ya bar maka ɗaya ba, tsawa ma haka, ruwa ma haka. Abin da madubi ke karewa shi ne mutuwar faifai ɗaya, ba wani abu ba. Masu rumbunan zamani suna iya kunna wani tsari da ke riƙe surar kayan kamar yadda suke jiya da shekaranjiya da makon jiya, wanda ke maganin gogewar kuskure. Duk mai sayen sabo ya tambaya ko nasa yana da shi. Amma ko da shi, akwati ɗaya ne a ɗaki ɗaya.

Ɗaki ɗaya kuwa mun ga abin da ke samunsa. Daminar 2024 ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasar nan, kuma a ranar 3 ga watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwa. In wannan gini ya faɗi, wane ɗaki ne zai yi alfahari? A watan Janairu na 2012 gobara ta ci ginin ma'aikatar shari'a a Yamai, ta haɗa da tsofaffin takardun ajiya. A Tumbutu kuwa, a watan Janairu na 2013, an ƙona ko an sace littattafan hannu kusan 4000 a cibiyar Ahmed Baba. Amma dubu ɗaruruwa sun tsira, domin Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa sun riga sun rarraba su cikin akwatunan ƙarfe a gidajen mutane, daga baya suka kai su Bamako ta mota da jirgin ruwa. Ba ƙarfin gini ne ya cece su ba, rarrabawa ce. Saboda haka faifai na biyu ya tafi gidan ƙane a Waca, ko wurin ƴar'uwa da ke aure a Malawa, ko aljihun tebur a wurin aiki. Duk lokacin da za a je gaisuwa a tafi da sabon kwafi, a dawo da tsohon a sabunta shi.

Yanzu ga waɗanda rumbun ya zame musu dole, domin akwai su. Mai shagon hoto da ke da yara uku suna gyaran bidiyo a kwamfuta uku, da makarantar da malamai da yawa ke zuba makin ɗalibai wuri ɗaya, da mai buga takardu da ke riƙe da kayan abokan ciniki ɗaruruwa, waɗannan ba za su yi ta yawo da faifai daga tebur zuwa tebur ba. Mai ramuka biyu ya ishe su; mai huɗu ƙarin zafi ne da ƙarin shan wuta. Abin da za su fara tambaya shi ne shekarar da aka fitar da samfurin, da ko kamfanin yana ci gaba da aiko masa gyaran manhaja. Dalili kuwa shi ne abin da ya faru a watan Yuni na 2021, sa'ad da masu amfani da rumbun My Book Live na kamfanin Western Digital a ƙasashe dabam-dabam suka wayi gari suka tarar an share musu kome daga nesa. Rabon wannan samfuri da gyara tun 2015. A watan Afrilu na 2021, da kuma Janairu na 2022, ƴan fashin intanet sun kulle dubban rumbunan QNAP suna neman kuɗin fansa. Waɗanda abin ya fi ci su ne masu rumbunan da aka buɗe wa ƙofa zuwa intanet domin mai shi ya riƙa leƙawa daga nesa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: rumbun da ke Dungas ba shi da abin yi da duniya, a bar shi ya yi magana da na'urorin gida kaɗai, a kuma canza kalmar sirrin da ya zo da ita tun ranar farko. Tsohon samfurin da kamfani ya yaye, wanda ake kawowa gwanjo daga Turai da araha, shi ne ainihin wanda ya kamata a guje wa.

Faifan da za a sa a ciki ma yana da nasa zance. Akwai hanyar rubutu iri biyu, CMR da SMR. Ta biyun tana ɗora layi bisa gefen layi kamar jinkar ɗaki, domin a sami wuri da yawa da kuɗi kaɗan. Amma in za a gyara layi ɗaya sai an taɓa maƙwabtansa, don haka takan yi nauyi ƙwarai ranar da aka sa sabon faifai ana son rumbu ya sake cika madubinsa, wato ranar da aka fi bukatarta. A 2020 an gano cewa Western Digital yana sayar da irin wannan cikin jerinsa na Red ba tare da ya faɗa ba, har abin ya kai ga kotu; daga nan ya ware masu CMR ya ba su sunan Red Plus. Mai saye ya duba waɗannan haruffa uku. Ya kuma duba jerin faifan da akwatin ke karɓa, domin a 2025 Synology ya taɓa hana sababbin akwatunansa na jerin Plus aiki da faifan waɗansu kamfanoni, sai da masu saye suka yi ca sannan ya sassauta kafin ƙarshen shekarar. Game da faifan da aka ce sabo ne kuwa, gani ya kori ji. Kowane faifai yana riƙe da lissafin awoyin da ya yi yana aiki, kuma wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana nuna shi. A sa mai shago, ko a kasuwar Dole ne ko a titin Beirut na Kano, ya buɗe a gabanka. Wannan ma ba ya kama kowane maƙaryaci, domin a farkon 2025 ƴan jaridar fasaha a Jamus sun bankaɗo faifan Seagate da suka yi shekaru suna aiki, waɗansu dillalai suka mai da lissafinsu sifiri suka sayar a matsayin sababbi. Amma yana kama mafi yawansu. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin faifan.

Girma ba ya bukatar dogon zance. Hoton salula ɗaya bai cika wuce mega 4 ba, saboda haka tera ɗaya tana ɗaukar hoto kusan dubu 250. Takardun gida gaba ɗaya, daga na haihuwa har na gona, ba za su cika giga ɗaya ba. Bidiyo ne mai ci: awa ɗaya mai kyau takan sha giga 6 zuwa 8, don haka mai ɗaukar awa 20 a wata zai cika kusan tera 2 a shekara. Kowa ya auna abin da yake da shi yau, ya ninka biyu ko uku, ya tsaya nan. In kuma ka sayi mai tera 2 kwamfuta ta nuna maka 1,8, ba a cuce ka ba, bambancin mudu ne tsakanin mai ƙera da mai aunawa.

Inda ake cuta shi ne wajen katin ajiya na salula da ƴar sandar nan ta USB. Kasuwanninmu cike suke da na jabu, waɗanda aka rubuta wa giga 64 ko 128 alhali cikinsu 8 ne. Suna karɓar kaya ba musu, suna rubuta sabo bisa tsoho, ba ka sani ba sai ranar da ka buɗe ka tarar da hotuna sun zama toka. Manhajar H2testw tana cika katin ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar cikinsa. Ko na gaske ne ma, waɗannan da manyan ƴan'uwansu da ake kira SSD ba a yi su domin dogon kwanciya a adaka ba: da ɗan cajin lantarki suke riƙe rubutu, kuma cajin yana zurarewa a hankali, zafi yana ƙara masa sauri. Ma'aunin da masu ƙera su suka amince da shi ya ce wanda ya tsufa da aiki ya riƙe kayansa shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Adakarmu ta fi haka zafi. Domin aikin yau da kullum SSD ya fi, ba ya tsoron girgizar babur a hanyar Dogo-Dogo. Domin ajiyar shekaru, faifai mai juyawa ya fi kwanciyar hankali.

Wani zai ce, me ya sa duk wannan wahala, tun da ga Google? Lalle ajiya a intanet tana da amfani, kuma ga takardu masu muhimmanci, waɗanda ba su da nauyi, ita ce kwafi na uku mafi sauƙi: giga 15 na kyauta sun ishe su har da saura mai yawa. Amma zanen aro ba ya rufe katara. A ranar 1 ga watan Yuni na 2021 Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, kuma daga Disamba na 2023 ya ba kansa ikon share asusun da ya shekara biyu ba a buɗe shi ba. A ranar 10 ga watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen ajiya na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara. A ranar 14 ga watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka kwana biyu cikin wahala. Ban da wannan, mai bidiyon biki da zai tura tera ɗaya ta layin salula daga Yekuwa, kuɗin katin da zai ƙona sai ya saya masa faifai da yawa. Akwai kuma wani tarko da ya fi kama mutanenmu: asusu yana ɗaure da lambar waya, lambar kuwa in ta daɗe ba a yi amfani da ita ba kamfani yakan karɓe ta ya ba wani. Ɗan ci-rani mai canza layi tsakanin na Nijar da na Najeriya ya kula da wannan ƙwarai.

Saura magana ɗaya da ba a cika yi ba, ita ce ta sirri da ta gado. Faifan da za a kai gidan wani yana ɗauke da hotunan matan gida da na ƴaƴa mata, kuma ba kowane hannu ne ya kamata ya buɗe su ba. Ana iya kulle faifai da kalmar sirri ta yadda ko an sace shi ba a karanta kome. Sai dai wannan kulle ba shi da maƙeri: in kalmar ta ɓace, kayan sun ɓace, ko kamfanin da ya ƙera faifan ba ya iya buɗewa. Mai gida kuwa ba ya dawwama. Sau nawa aka yi rasuwa, magada suka zauna da salular mamaci a hannu, sun san lissafin bashinsa da hotunan takardun gonarsa suna ciki, amma babu mai iya buɗewa? Shawarata ita ce a raba kayan gida biyu. Takardun gona, da na haihuwa, da na aure, da lissafin bashi, a bar su a buɗe, a cikin tsarin da kowace na'ura ke karantawa, wato PDF da JPEG, kowane da suna bayyananne da shekararsa, yadda ko yaro ɗan aji shida zai gane. Hotunan iyali a kulle su. Kalmar sirrin a rubuta ta da alƙalami, a rufe cikin ambulan, a sa a adakar da asalin takardun suke, a kuma gaya wa mutum ɗaya amintacce inda take. Adakar ta zama ta ƙarfe, a ɗaga ta daga ƙasa bisa duwatsu saboda gara, kuma kowace takarda mai nauyi a yi mata kwafi mai hatimin ofishin magajin gari a ajiye tare da faifai na biyu.

Bayan an sayo sabon, an kwashe kayan tsohon an zuba, kada a yarda da saƙon da na'ura ta nuna cewa an gama. A ɗauki faifan a kai wa wata kwamfuta dabam, a buɗe takardu goma da hotuna goma da bidiyo biyu daga shekaru dabam-dabam, a gani da ido. A maimaita wannan ko sau biyu ne a shekara, misali bayan kowace Salla. Tsohon faifai kuma, in har yana juyawa, a bar shi da kayansa wata shida a matsayin ƙarin kwafi kafin a yi tunanin rabuwa da shi. Ranar da za a sayar ko a bayar, gogewa ta yau da kullum ba ta isa ba, domin yaran da ke gyaran salula a bakin kasuwa suna da manhajar dawo da abin da aka goge. Sai an bi shi da rubutun sifiri daga farko har ƙarshe, aikin da kan ɗauki awoyi da yawa. Wanda ya mutu ba ya karɓar rubutu kuwa, a kwance shi a fasa farantan da ke ciki da guduma kafin a miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe.